Waƙar Kenny Rogers da Dolly Parton da Ta Ƙi Tsufa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wata tsohuwar waƙar Turanci. Na san wasu za su ce dattijo ya rasa abin faɗa, ga tsadar rayuwa ga rashin tsaro, shi kuma yana zancen kiɗa. Na ji. To amma kuna da shafin nishaɗi, kuma kusan duk abin da ake bugawa a cikinsa labarin waƙar da ta fito ne a wannan makon, wadda kafin wata ya mutu an manta da ita. Ni kuwa abin da ya daɗe yana cin raina shi ne dalilin da ya sa wata waƙar ke haura shekara 40 ana jin ta, alhali sa'o'inta da suka fito tare duk sun bi ruwa.

Waƙar da nake nufi ita ce "Islands in the Stream", wadda Kenny Rogers da Dolly Parton suka rera tare. Ta fito a watan Agustan 1983 a cikin faifan Rogers mai suna "Eyes That See in the Dark". A ƙarshen Oktoban wannan shekara ta hau matsayi na ɗaya a babban jadawalin Billboard na Amurka, ta yi mako biyu a wurin, ta kuma yi na ɗaya a jadawalin kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin ƙasar Amurka masu jita da faffaɗar hula. Bayan ita, sai da aka kai shekarar 2000 kafin wata waƙar kantiri ta sake hawa saman babban jadawalin, lokacin da ƙungiyar Lonestar ta yi hakan. Shekara kusan 17 ke nan babu wadda ta taka inda ta taka.

Idan na tayar da zancen a majalisarmu, amsar da ake ba ni ɗaya ce: ai ku tsofaffi ƙuruciyarku kuke tunawa, ko kukan jaki kuka ji a 1983 za ku ce da daɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba na musu. Amma in da kewar ƙuruciya ce kaɗai ke riƙe da waƙar, da ta tsufa tare da mu. Ga abin da ya faru maimakon haka. A 1998 wani mawaƙin gambarar zamani, Pras na ƙungiyar Fugees, ya ɗauki karin amshinta ya sa wasu kalmomi a kai a waƙarsa "Ghetto Supastar", matasan duniya suka yi ta rawa ba tare da sun san daga inda karin ya fito ba. A 2009 wasu 'yan wasan barkwanci na talabijin a Birtaniya suka sake rera ta don tara kuɗin taimako na Comic Relief, tare da Tom Jones, ta yi na ɗaya a can, alhali ta asalin ma a na bakwai ta tsaya a ƙasar. A 2023 kuma aka nuna David Beckham da matarsa Victoria suna taka rawa da ita a cikin shirin tarihin rayuwarsa na Netflix, nan da nan yara suka cika wayoyi da kwaikwayon rawar. Yawancin yaran nan ko iyayensu ba su yi aure ba a 1983. Me suke tunawa?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne waɗanda suka rubuta waƙar ba 'yan kantiri ba ne, ba ma Amurkawa ba ne. 'Yan uwan nan uku ne na ƙungiyar Bee Gees, Barry da ƙannensa tagwaye Robin da Maurice Gibb, waɗanda aka haifa a tsibirin Man na Birtaniya, suka yi ƙuruciya a Mancesta, suka ƙarasa girma a Ostireliya. Su ne sarakunan kiɗan disko a ƙarshen shekarun 1970. Da jama'a suka juya wa disko baya, har a watan Yulin 1979 aka tara fayafayansa a wani filin wasa a Shikago aka tarwatsa su a gaban 'yan kallo, sai gidajen rediyon Amurka suka yi sanyi da muryoyin Bee Gees. Su kuwa ba su tsaya kuka ba, suka koma bayan labule suna rubuta wa wasu. Sun yi wa Barbra Streisand a 1980, suka yi wa Dionne Warwick a 1982, sannan aka zo kan Rogers. Sunan waƙar ma aro suka yi daga wani littafin Ernest Hemingway da aka buga a 1970 bayan rasuwarsa. Kuma da farko a salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka suka tsara ta, shi ya sa in ka kasa kunne za ka ji kayan busa da bugun da ke sa kafaɗa motsi, abin da ba a saba ji ba a waƙoƙin Nashbil, birnin da yake cibiyar kiɗan kantiri.

Ba a kuma rubuta ta don mutum biyu ba. Rogers ya sha ba da labarin cewa ya yi kwana huɗu yana fama da ita shi kaɗai a ɗakin ɗaukar murya a Los Anjelis, har ta fita daga ransa, ya gaya wa Barry Gibb, wanda shi ne mai kula da aikin faifan, cewa shi fa ya daina son waƙar. Barry ya ce abin da ta rasa shi ne Dolly Parton. Aka yi sa'a tana kusa, manajan Rogers ya nemo ta, ta shigo, waƙar ta tashi. Mawaƙa dai ba sa rasa ƙara wa labari gishiri, amma ko ba a ba ka labarin ba, kunnenka zai gaya maka cewa murya ɗaya ba za ta ɗauki wannan waƙa ba.

A nan nake so in ɗan daɗe, don a nan gizo ke saƙar.

Rogers ne ke buɗe waƙar, da muryarsa mai ɗan kaushi, a ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa mutum ɗaya magana a zaure. Kafin baitin ya ƙare sai ka ji Dolly ta shigo ta samansa a hankali, tana bin sa. Su haɗu a amshi. Har nan babu wani abin mamaki, waƙoƙi dubu haka suke. Amma da aka zo baiti na biyu, inda ita za ta ja gaba, sai kiɗan gaba ɗaya ya sauya mazauni. Ba a ce mata ta lanƙwasa muryarta ta shiga inda aka shirya wa namiji ba. Makaɗan ne suka tashi daga inda suke, suka koma matakin da ya dace da maƙogwaronta, kuma suka zauna a can har ƙarshen waƙar, shi Rogers ya bi ta can. Wanda bai san kiɗa ba ba zai iya faɗa maka abin da aka yi ba, sai dai ya ce maka a daidai wurin nan ya ji waƙar ta buɗe, ta yi haske. Masu rubuta waƙa sukan ajiye irin wannan sauyi zuwa amshin ƙarshe don su tayar da mai saurare idan ya fara gyangyaɗi. Su Gibb a tsakiya suka sa shi, kuma don matar suka sa shi.

Sakamakon haka, babu mai waƙa da 'yar amshi a cikinta. Mu nan mun saba da tsarin da mutum ɗaya ke jan baiti sauran suna karɓa masa, kuma tsari ne mai kyau, da shi manyan makaɗanmu suka yi suna. Wannan kuwa lugude ce: taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan na sauka wannan na tashi, in ɗaya ta tsaya daka ya lalace. A cikin amshin akwai wata 'yar gajeruwar amsa da ba ta da kalma, sauti ne kawai da suke yi tare, kuma ita ce farkon abin da yaro ko wanda bai jin Turanci yake kamawa. Na lura duk inda aka sa waƙar, ko mutum bai san layi ɗaya ba, in an zo wurin nan sai ka ji bakinsa a ciki.

Sai kuma abin da waƙar ke faɗa. Ka duba yawancin waƙoƙin soyayya da suka daɗe, na kowane harshe, za ka ga kuka ne. An rabu, an ci amana, iyaye sun hana, wani mai kuɗi ya ƙwace, ko kuwa ana roƙo ba a samu ba. Ita kanta Dolly Parton gwanar wannan fage ce, ita ta rubuta "I Will Always Love You" a farkon shekarun 1970 don yi wa abokin aikinta Porter Wagoner ban kwana, waƙar da Whitney Houston ta ɗaga zuwa ko'ina a 1992. Baƙin ciki yana da sauƙin waƙewa, don shi da kansa yake kawo labari. Farin ciki ne mai wuya. Mutum biyu suna son juna, sun samu juna, babu kishiya, babu maƙiyi, to me za ka faɗa na minti huɗu wanda ba zai gunduri mutane ba? Yawancin masu gwadawa sai su ɓuge da zaƙin da ke hawa kai, ko su koma lissafa ido da hanci da haƙora.

Wannan waƙa ba ta yabon surar kowa. Mutum biyu ne suke cewa mun sha nema kafin mu haɗu, yanzu mun dogara da juna, duniya na gudana ta gefenmu kamar ruwa mu kuma muna tsaye. Magana ce ta waɗanda suka riga suka yanke shawara. Kuma shekarun masu faɗar ya ba ta nauyi, domin a lokacin Rogers yana da 45, Dolly tana da 37. Ba yara ba ne masu zumuɗi. Shi an haife shi a Hustan ta jihar Tekzas a 1938, ya tashi a gidajen da gwamnati ke gina wa marasa ƙarfi. Ita kuma ta huɗu ce cikin 'ya'ya 12 a wani ɗan gida a duwatsun Tenesi. Dukansu sun san babu kafin su san akwai, kuma ina jin hakan a yadda suke rera farin ciki ba tare da rawar kai ba. (Af, ka yafe mini, Malam Edita, zan ƙara da cewa akwai layi ɗaya a amshin da Bahaushe ba zai fassara wa surukinsa ba. Mu dai a lokacin mukan yi tari in an zo wurin.)

Jama'a sun daɗe suna raɗe-raɗin cewa akwai wani abu tsakaninsu, saboda yadda suke kallon juna da tsokanar juna a dandali. Su biyun sun musanta har ƙarshe, suka ce zumunci ne irin na wa da ƙanwa. Dolly ta auri mijinta Carl Dean a 1966, suna tare har ya rasu a watan Maris na 2025, mutumin da kusan ba a taɓa ganinsa a bainar jama'a ba. Rogers kuwa aure biyar ya yi. Ni ina ganin rashin soyayyar a tsakaninsu ya taimaki waƙar. Da masoya ne suka rabu, da duk mai jin ta zai riƙa tuna rabuwar.

Mu a Kaduna waƙar ta iso mu ne a kaset, wajen lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari a ranar ƙarshe ta 1983. Ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a lokacin, muna haya mu uku a ɗaki ɗaya, da rediyo mai kaset guda ɗaya wadda murfinta ya karye, sai an tokare shi da tsinken ashana. Kiɗan kantiri ba baƙo ba ne a wurinmu. Yayyenmu sun ji Jim Reeves a garmaho, mu kuma muka tashi da Don Williams, wanda direbobin doguwar tafiya ba sa rabuwa da kaset ɗinsa. Dalilin bai da nisa: Turancinsu a fili yake, suna furta kalma ɗaya bayan ɗaya, kuma labari suke bayarwa na gona da uwa da talauci da tsoron Allah, abubuwan da ɗan ƙauyen da ya zo birni neman aiki ya sani sarai. Ba mu kaɗai ba ne a nahiyar nan. Don Williams har Harare ya je ya yi wasa a 1997, jama'a suka yi masa tururuwa.

Amma waɗancan waƙoƙin zama ne, na bayan isha'i, mutum ya jingina da bango yana tunani. Wannan kuwa ta safiyar Lahadi ce, ana wanki ana guga. Don kada batir ya ƙare, ba ma mayar da kaset baya da na'urar, sai mu zare shi mu zura biro a ramin mu yi ta juyawa da hannu har mu kai farkon waƙar, mun ma san adadin juyin da ido. Abokin zamanmu ɗaya, mutumin Zonkwa, yana da siririyar murya, shi muke ba wa ɓangaren Dolly, yana yi yana riƙe da dutsen guga, gawayi na tartsatsi.

Da na yi aure, maiɗakina ba ta jin Turanci ko kaɗan, kuma ba ta taɓa tambayata ma'anar waƙar ba. Wata rana tana tankaɗe a tsakar gida na ji tana bin karin a hanci, kuma da aka zo baiti na biyu, wurin da kiɗan ke sauyawa, sai ta sauya tare da shi daidai, ba ta kuskure ba. Na ce, "Hajiya, a ina kika koyi wannan?" Ta ce, "Malam, ai nan ne wurin matar." Abin da na ɓata sakin layi guda ina bayani a sama, ita ta gane shi da rariya a hannu.

Ba kowa ne ya so waƙar ba a can Amurka. Masu ra'ayin kantiri na gargajiya sun ce wannan ba kantiri ba ce, kiɗan birni ne aka sa wa hula, babu goge irin nasu, babu jitar nan mai kuka, mawallafanta ma 'yan disko ne. Kuma ba da daɗewa ba irin su George Strait da Randy Travis suka ja kiɗan ya koma ga tushensa, aka yi ta yaba musu. Ina son Randy Travis, kada a ce na ce. Sai dai a 2005, da tashar CMT, wadda ta kantirin ce zalla, ta jera waƙoƙin mutum biyu guda 100 da suka fi fice a tarihin kiɗan, wannan da aka ce ba tasu ba ce ita aka sa a kan gaba. Rashin zamanta a gida ɗaya ne ya ba ta ƙafa. Mai kantiri ya ji muryoyin nasa, mai disko ya ji bugun nasa, mawaƙin gambara ya sami kari ya ɗauka.

Rogers da Dolly sun ci gaba da aiki tare jefi-jefi, faifan Kirsimeti a 1984, wata waƙar a 1985, wata kuma a kan tsohon zumunci a 2013. A watan Oktoban 2017 aka yi wa Rogers taron ban kwana da dandali a Nashbil, a nan suka rera wannan waƙa tare karo na ƙarshe. Hoton yana intanet ga mai son gani. Muryarsa ta ja baya, tafiya ma da ƙyar yake yi, ita ce ke riƙe da shi tana ba shi dariya. Ya rasu ranar 20 ga Maris, 2020, yana da shekara 81. Cikin marubutan uku ma Barry kaɗai ya rage, Maurice ya rasu a 2003, Robin a 2012.

Yanzu ga abin da ya kawo ni, don ban ɗauki biro don in yabi Bature kawai ba. Mu ma muna da waƙar namiji da mace, kuma muna da ita fiye da kowa a ƙasar nan, fim ɗin Hausa ya cika da ita. Akwai masu daɗi a ciki, 'ya'yana suna sa su a gida ina ji. Amma sau da yawa abin da kunnena ke ji shi ne an shirya kiɗa a kan muryar namiji, sannan aka kawo yarinya aka ce ta hau, in ba ta kai ba a ja muryar da kwamfuta har ta zama siririya ƙwal, ta yadda ba ka bambance wannan mawaƙiya da waccan. Sau da yawa kuma baitinta maimaicin nasa ne, shi ya faɗa ita ta gaskata. Sannan kusan kullum saurayi da budurwa ne ana cikin nema. Ma'auratan da suka shekara 20 tare suna zaman lafiya, su ba su da waƙa ne? A gidajen biki su ne rabin taron, kuma su ne masu liƙi.

Saboda haka ina roƙon ka tura wakilinka na shafin nishaɗi ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna da Jos, ya zauna da masu haɗa kiɗa, ba mawaƙan da ake gani a hoto ba. Ya tambaye su wa ke zaɓar matakin da za a yi waƙa a kai, kuma ko ana gwada muryar mace kafin a buga kiɗan ko sai bayan an gama. Ya tambaye su kwana nawa ake ba waƙa ɗaya, tunda Rogers ya yi huɗu bai gamsu ba. Ya kuma nemi mawaƙa mata su faɗa da bakinsu yadda ake yi da su, da ko ana sa sunansu a jikin aikin. In ya samo amsa ku buga mana, ko da a fitowa biyu ne, zan saya in kai majalisa.

Na gode da wannan fili. A gaida ma'aikata.

Naka mai karatu kullum,
wani tsohon ma'aikacin masaƙa,
Tudun Wada, Kaduna.